Kafin a Tsananta Hukunci, Wa Ya Ƙirga Waɗanda ke Tsare?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Duk ranar da aka soki wani aka ƙwace masa waya a Kano, sai ka ga Facebook ya ɗauka: a yi doka, a rataye su! Wallahi ni ma raina yana ɓaci. Amma ɗan majalisar da zai ɗaga hannu a kan irin wannan doka, da wane bayani yake aiki? Da alƙaluma, ko da fushinmu?

Nan ne bincike yake shigowa. Kafin a taɓa dokar laifi, ya kamata wani ya zauna ya ƙirga: mutum nawa aka kama, nawa aka kai kotu, wata nawa shari'a take ɗauka, nawa ne suka koma ruwa bayan sun fito. Majalisar Tarayya ma tana da cibiyarta a Abuja, NILDS, wadda aikinta ke nan, ta yi wa 'yan majalisa bincike.

To me irin wannan bincike yake nunawa? Masana laifuka a Amurka, irin su Daniel Nagin, sun daɗe suna bin lamarin, kuma abin da suka gano shi ne: tabbacin za a kama ka ya fi tsananin hukunci hana aikata laifi. Wato ɓarawon da ya san ba za a kama shi ba, ko ka rubuta rataya a takarda, ko a jikinsa.

Mu dawo gida. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Ɗauki yaro daga wani ƙauye a Ajingi da aka zarga da satar akuya. Ba lauya, ba mai tsaya masa. Idan aka tura shi Kurmawa ko Goron Dutse ya yi watanni tare da manyan 'yan daba, me kake tsammani zai koyo? Kun ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin haushin, dokokin suna nan. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, ta kuma ce majistare ya riƙa duba ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata. Jihar Kano ta yi tata dokar tafiyar da shari'ar laifuka a 2019. Sannan gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon yin doka a kan gidajen gyaran hali. Ashe ba ƙarancin doka ne ciwonmu ba, rashin bibiya ne.

Mu 'yan Gaya da Ajingi, kowace ƙaramar hukuma tana da wakilinta a majalisar jiha, ga kuma na tarayya mai wakiltar Albasu, Gaya da Ajingi. Idan sun zo gida, kada mu tsaya a maganar taki da babur. Mu tambaye su abu uku. 'Yan mazaɓarka nawa ne ke jiran shari'a yanzu? Yaushe rabon majistare ya leƙa ofisoshin 'yan sandan yankinmu? A cikin ƙorafin sata da aka kai bara, nawa ne ya kai ga hukunci?

Idan bai sani ba, ba faɗa ba ne. Ya rubuta wa ma'aikatar shari'a ya nema, sa ido aikinsa ne. Mu kuma mu koma masa bayan wata guda.

In ka taɓa ganin an tsare wani fiye da kima a yankinku, ba mu labari a ƙasa, amma kada ka ambaci sunan kowa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.