Me ya sa sabara ke ja da baya a iyakar Jibiya?

Wanda ya saba bin jigawar Farfaru zuwa Magama ya san sabara. Idan rani ya yi tsanani, ɗaɗɗoya da sauran tsirrai masu ƙamshi suka bushe, ita ce ke tsaye da ganyenta mai ruwan toka. Da shi ake dafa ruwan wankan jego, a jiƙa shi don ciwon ciki, makiyaya kuma su yi wa shanu hayaƙi. Yanzu kuwa sai an yi tafiya daga gari kafin a same ta da kauri.

Jama'a ta ƙaru, gona ta cinye saura. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da dama kan murhun itace. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. 'Yan bindiga sun hana shiga daji mai nisa, mutanen ƙauyuka sun kwararo cikin Jibiya, sai duk gatari ya koma kan ɗan dajin da ke bakin gari.

Amma a ganina ba sara ne ke kashe sabara ba, domin tana tohowa daga kututture. Tonon saiwa ne, ko don itace ko don garma ta wuce. Nan asarar take. Gindin sabara na tare rairayi da busasshen ganye, ya kare shukar gero daga iskar farkon damina da ke binne ta. Masu bincike a Senegal ma sun gano cewa saiwarta na jawo ruwa daga zurfin ƙasa da dare, geron da ke kusa ya amfana.

Tsallaken iyaka, ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi, an bi wata hanya. Daga 1983 wani mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara sassaben zamani: a bar toho kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a sassabe sauran. An kiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram. Dabarar ba ta buƙatar kuɗi ko dashe, sai dai tana cin shekaru, kuma manomin Farfaru da bai da tabbacin zai taka gonarsa baɗi ba zai iya rainon kututture ba.