Shin Ko Kun San Gidan Harsashi Ya Taɓa Hawa Saman Bindiga?

Idan aka ce muku bindigar soja, wace ce ke fara faɗo muku a rai? AK-47 mana, da gidan harsashinta a lanƙwashe a ƙasa, daf da kunama. To, shin ko kun san ba nan ne kaɗai mazauninsa ba? Maƙera sun ɗora shi a sama. Sun soka shi a gefe. Sun cusa shi cikin mariƙi. Wasu ma sun ɓoye shi can cikin gindin bindiga, wurin da ake tokarawa a kafaɗa! Ku gyara zama.

Ita kanta lanƙwasar nan ta AK-47 ba ado ba ce. Kwanson harsashinta ya fi kauri ta baya, yana tsukewa ta gaba. Ku jera 30 ɗaya kan ɗaya, sai layin ya karkace da kansa. Gidan bin su kawai ya yi.

Mu koma 1860, a Amurka. Christopher Spencer ya ƙera bindiga mai cin harsashi 7, dukkansu a jere cikin gindinta. An yi yaƙin basasar Amurka da ita. Kun ɗauka 7 ya yi yawa? Wani likitan haƙori, Warren Evans, daga jihar Maine, ya fito da tasa mai ɗaukar 34 a cikin gindi, suna kewaya wani murɗaɗɗen ƙarfe suna tahowa ɗaya bayan ɗaya. Likitan haƙori fa!

Wasu kuma bututu suka shimfiɗa a ƙarƙashin hancin bindiga. Lebel ta Faransa, ta 1886, harsashi 8 take ɗauka ta haka. Amma akwai abin tsoro. Idan harsashi mai tsini ne, tsinin na baya yana tokare da daidai wurin da ke kunna na gaba. Girgiza ɗaya, sai ta Allah. Me Faransawa suka yi? Suka zagaye ƙasan kowane kwanso da ɗan kwari, tsinin ya faɗa ciki ya zauna lafiya. Kun ji dabara!

Akwatin nan da ake cirewa a mayar a ƙasan bindiga kuwa, James Paris Lee ne ya yi masa rajista a 1879. Shi ne kakan wanda kuke gani yau.

To me ya kai gidan harsashi sama? Ƙasa ce ta kore shi! Sojan da ya kwanta rub da ciki, idan doguwar aba tana reto a ƙarƙashin bindigarsa, sai ta tokari ƙasa. Dole ya ɗaga kai. Wanda ya ɗaga kai a fagen fama kuwa, kun san sauran.

Shi ya sa Bren ta Birtaniya ta ɗauki nata a ka. Harsashi 30, a gida mai lanƙwasa, tsaye ƙiƙam. Mai harbi yana kwance, abokinsa na gefe ya fizge wanda ya ƙare ya danna sabo cikin ƙiftawar ido. Sai dai fa gidan ya tare gaba. Ta ina za a yi saiti? Sai aka gusar da abin saitin zuwa hagu, ido ya riƙa leƙawa ta gefe. Kuma kun san kakanninmu sun riƙe ta? Sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda Hausawa da yawa ke cikinsu, sun ratsa dazukan Bama da Bren a Yaƙin Duniya na Biyu.

Amma labarin da ya fi burge ni na Ostireliya ne. Wani matashi, Evelyn Owen, ɗan garin Wollongong, ya ƙera bindiga a gida. Ya kai wa sojoji a 1939, suka ce ba sa so. Ya jefa ta cikin buhun sukari ya ajiye. A 1940 wani maƙwabcinsa, manaja a masana'antar ƙarfe ta Lysaght, ya ci karo da buhun. Ya buɗe, ya ga abin da ya gani, ya tsaya kai da fata sai an duba ta.

Ku dubi yadda take aiki. Gidan harsashi a sama, bakinsa na kallon ƙasa, saboda haka nauyin harsasan kansa yana taya su gangarowa. Kwanson da aka harba ta ƙasa yake fita. Yashi ko taɓo ya shiga? Shi ma ta nan zai zube, ba shi da wurin zama. A gwajin 1941 aka tsoma ta cikin laka, aka watsa mata yashi, ita da Thompson da Sten. Waɗancan suka cije. Owen ta ci gaba da aman wuta! An ƙera kusan 45,000, aka yi yaƙin dazukan Niyu Gini da ita, ta kai har Koriya da Biyetnam. A ganina duk cikin masu ɗauka a ka babu wadda ta kai ta hikima.

Ga wata tsohuwa mai ran ƙarfe. Madsen ta ƙasar Danmak, ita ma mai gida a sama, ta fito a 1902. Shin ko kun san 'yan sandan Rio de Janeiro a Birazil sun ci gaba da fita aiki da ita har cikin wannan ƙarni na 21? Sama da shekara ɗari!

Wasu faranti suka kifa a sama. Lewis tana da mai cin 47, na jirgin sama kuma 97. DP ta Tarayyar Sobiyet ma 47 ce, farantin yana juyawa a hankali idan ana harbi, har sojojinta suka laƙaba mata suna garmaho.

Yanzu ku leƙo gefe. MP 18 ta Jamus, ta 1918, ta hagu ake soka mata nata, mai siffar katantanwa, harsashi 32. Sten ta Ingila ta bi sahu a 1941, ita ma 32, ita ma ta hagu. An ƙera kusan miliyan 4! Soja ya manne da ƙasa yadda yake so. Amma nauyi yana rinjayar bindiga gefe guda, ga sarƙewa a ƙofa da reshe. Ga kuma jarabar kama gidan a mayar da shi mariƙi, abin da kan sa ya goce, harsashi ya ƙi shiga.

Sten ta yi suna wajen cijewa. Ranar 27 ga Mayu, 1942, a birnin Prag, Jozef Gabčík ya sha gaban motar Reinhard Heydrich, babban jigon 'yan Nazi, ya ɗana Sten, ya ja kunama. Shiru! Sai da abokinsa Jan Kubiš ya jefa bam. Raunin bam ɗin ne ya yi ajalin Heydrich ranar 4 ga Yuni.

Ƙanwar Sten, wato Sterling, mai gida a gefe na harsashi 34, har fim ta shiga. Bindigogin da dakarun nan masu fararen kaya ke riƙe da su a Star Wars na 1977, Sterling ce aka yi wa kwalliya. Ku sake kallo ku gani.

Japanawa fa? A 1922 suka fito da Type 11, wadda maimakon gida aka manna mata ɗan akwati mai murfi a hagu. A jera ɗauri 6 na harsashi biyar-biyar, irin na bindigar kowane soja, a rufe. Kowa a rukunin zai iya ciyar da ita daga aljihunsa! Ƙura ce ta zame mata ciwon kai.

Sai masu cusawa cikin mariƙi. Uzi ta Isra'ila, ƙirar Uziel Gal, wadda ta shiga hannun soja a 1954. Dalilin? Ku rufe ido ku tafa hannu. Kun kuskure? Ko a baƙin duhu hannu ba ya ɓata hanyar ɗan'uwansa. Hagu na riƙe da gidan harsashi, dama na riƙe da bindiga, su haɗu, shi ke nan. Chekoslobakiya ma ta riga su, da Sa 23 a 1948.

Tirƙashi, ga masu mayar da shi bayan kunama, kusa da kafaɗa. Ku riƙe alƙaluman nan. M16 ta Amurka da Steyr AUG ta Ostiriya tsawon bututunsu ɗaya ne, kusan santimita 51. Amma M16 gaba ɗayanta kusan mita 1 ce, AUG kuwa, mai gida a bayan kunama, santimita 79. An rage fiye da santimita 20 ba a taɓa bututu ba! Ga sojan da ke fitowa daga motar sulke wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar ita ce kwanso mai zafi yana fita daf da kunci, bahago sai an sauya masa ɓangaren fitarwa. Faransa ta riƙe irin wannan ƙira, FAMAS, kusan shekara 40, sannan daga 2017 ta fara komawa HK416 mai gida a gaban kunama.

Kun taɓa ganin gidan harsashi a kwance? P90 ta Beljiyam, ta 1990, tsawonta duka santimita 50 ne, amma tana cin 50. Gidan na roba ne garai-garai, a shimfiɗe bisa bayanta, ana hango abin da ya rage. Harsasan a gicciye suke kwance. Kowanne ya iso baki sai ya juya kwana, ya fuskanci gaba, ya faɗa ciki. Kwanso kuma ta ƙasa, bahago da badame duk ɗaya.

Ku tafi da wannan ku ba abokai. Bizon ta Rasha tana da gida mai siffar gwangwani a ƙarƙashin hancinta, harsashi 64 a murɗe a ciki. Su wa suka ƙera ta? Cikin tawagar akwai Viktor Kalashnikov, ɗan mai AK-47, da Alexei Dragunov, ɗan wanda ya ƙera shahararriyar bindigar maharban nesa ta Dragunov!