Mita 10 da Maɓallin "Kusa da Ni"

Mita 10 ita ce tazarar da Babban Bankin Najeriya ya yanka wa masu POS a takardar da ya fitar a watan Agustan 2025: kowace na'ura a ɗaure ta da lambobin wurin da aka yi mata rajista, kada ta yi aiki nesa da nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin kasuwar Kantin Kwari ta Kano, ƙarƙashin rufin kwano tsakanin benaye, yana kallon ɗigon taswirar wayarsa na tsalle daga wannan layi zuwa wancan, ya san adadin nan ya fi sauƙi a takarda. A fili ma, sama a buɗe, GPS na waya yakan kuskure da wajen mita 5. Umarnin ya tona wani zato da ya daɗe da cika shafukanmu na intanet, wai da an samu latitud da longitud an san wuri. Zaton nan shi ke lalata yawancin maɓallan "kusa da ni" da ake ta liƙa wa shafukan sayar da abinci, neman gidan haya da kantunan magani.

Yayin bai zo da mamaki ba. Garuruwanmu da kwatance suke tafiya: bayan masallacin Juma'a, daura da gidan mai, kwana ta biyu a hagu. Kwamfuta ba ta jin wannan yare, lambobi biyu take so. Kayan aikin kuma sun yi araha. Tun da Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan a watan Mayun 2000, daga baya kuma manhajojin shiga intanet suka iya neman izinin sanin inda mutum yake, babu sauran shamaki. Lissafin kansa ɗalibin kwamfuta zai gama shi kafin la'asar. Digiri ɗaya na latitud wajen kilomita 111 ne. A zana akwati kewaye da mai nema, a tace wuraren da suka faɗo ciki, a auna tazararsu da ƙa'idar Haversine wadda ke la'akari da lanƙwasar duniya, a jera su daga mafi kusa. Rumbun bayanai mai PostGIS ma yana yin wannan da umarni guda.

To ina gizo ke saƙar? A wajen tambayar da ba a cika yi ba a taron tsara shafi: wa ya ɗauki lambobin shagon nan, kuma a ina yake tsaye lokacin da ya ɗauka? Sau da yawa babu wanda ya je. Ma'aikaci na zaune a ofis, ya zuba adireshi cikin manhajar da ke mayar da rubutu lambobi, ya karɓi abin da ta ba shi. Ya rubuta Tudun Wada, alhali akwai ta a Kano, akwai a Kaduna, akwai a Zariya, akwai a Jos. Manhajar ba za ta ce ta rikice ba, za ta zaɓi ɗaya. In ta kasa gano titin, sai ta dasa alamar a tsakiyar unguwa ko tsakiyar gari, shaguna da dama su taru a ɗigo guda. In aka bar gurbin babu komai, wani tsarin ya cike da sifili da sifili, shagon ya koma cikin teku kudu da gaɓar Gana.

Akwai kuskuren da ya fi cin mu fiye da mutanen wasu ƙasashe. Taswirar Google tana fara rubuta latitud, tsarin GeoJSON kuwa longitud yake sawa a gaba. Kano tana wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas. Juya lambobin, ka sauka a 8.5 arewa da 12 gabas, wato yankin Ganye a jihar Adamawa. Mai shafi a Tokyo in ya yi wannan kuskure kwamfuta za ta ƙi karɓa nan take, domin babu latitud 139. Namu kuwa yana nan cikin Najeriya, a kan tudu, babu abin da zai yi ƙara.

Illar farko tana kan mai nema. Shafin da ya ce "mita 850" ya yi magana da bakin wanda ya auna, mutum kuwa ya yarda. Ko lambobin daidai suke, tazarar miƙe ce aka ba shi. Wanda ke gaɓa ɗaya ta Kogin Kaduna za a nuna masa kantin da ke tsallake a matsayin mafi kusa, sai ya hau Keke Napep ya gane gada na can nesa. In ya hana izinin GPS, shafin ya koma hasashe da lambar haɗinsa ta intanet, wadda a layukan waya kan nuna Legas ko Abuja ga mutumin da ke zaune a Gusau. Illa ta biyu ta fi tsanani, ita ce ta kan ɗan kasuwa. Jeri bisa kusanci ba ya ganin wanda ba shi da alama, don haka mai shagon cikin lungu ya ɓace, ciniki ya tafi ga na bakin titi, ko da kayan na lungun sun fi.

Masu gina shafuka sukan ce matsalar kuɗi ce: tun da Google ya sauya farashin taswirarsa a 2018, da dala ake biya, naira kuma ta faɗi. Da gaskiyarsu, iyakar nan. OpenStreetMap kyauta ce tun 2004, kuma taswira mai tsada ba ta gyara lambar da aka shigar a karkace. Wasu na jiran tsarin adireshi na zamani ya warware komai. Hukumar gidan waya ta Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin what3words a 2017, Gana ta ƙaddamar da GhanaPostGPS a shekarar, amma har yau mai kawo saƙo sai ya buga waya ya ce, "Alhaji, ina daidai ina?"

Abin da ya yi aiki a Arewa an gan shi a yaƙi da shan inna. Masu rigakafi sun shiga gari da ƙauye riƙe da wayoyi masu GPS, aka gwada sawunsu da hotunan tauraron ɗan adam, aka gano rugage da unguwannin da ba sa cikin tsofaffin jerin sunaye. Da ƙafa aka yi aikin. Mai shafin da ke son maɓallinsa ya yi amfani sai ya ware kuɗin aika mutum ya tsaya a ƙofar shago ya ɗauki lamba, ya adana kwatance a gefenta, ya sa tsarin ya ƙi duk lambar da ta faɗa wajen jihar da aka ambata. Wurin mai nema kuwa ya yi amfani da shi ya goge, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafe shi, kuma jerin inda mutum yake kwana ba abin ajiyewa ba ne a shafin sayar da shawarma.