Layin Niƙa a Gungun Kwamfutoci: Wace Manhaja Za a Zaɓa?

'Yan'uwana ɗalibai, na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan batu. To, kundin kammala digirina ne ya haɗa mu. Da yake Hausa koyonta na yi, jinsin kalmomin aro ya daɗe yana ba ni wuya: mota ce, amma asibiti ne. Sai na tara labaran jaridu masu yawa domin in horar da kwamfuta ta riƙa gane jinsin suna. 'Yar kwamfutata ta yi kwana biyu tana zafi, aikin bai kai ko'ina ba. Daga nan wani abokina a sashen kimiyya ya nema mini izinin amfani da gungun kwamfutocinsu.

Gungu dai kwamfutoci ne da yawa da aka haɗa da waya suna aiki tare, mutane da dama kuma suna rabawa. Ba a barin kowa ya faɗa musu kai tsaye. Akwai manhajar da ke karɓar aiki ta jera shi a layi, kamar yadda mai injin niƙa ke yi da kwanuka. Kai za ka faɗa mata kwamfuta nawa kake so, da kuma awa nawa. Idan babban aiki yana jiran kwamfutoci su samu sarari, takan cusa ƙaramin aiki a tsakani, muddin zai ƙare kafin lokacin babban ya yi. Shi ya sa wanda ya nemi awa 48 alhali awa 2 za ta ishe shi yake cutar kansa: mai ɗan kwano ne ya shiga layin masu buhu.

Manhajojin suna da yawa. PBS ta samo asali ne a farkon shekarun 1990 domin hukumar NASA ta Amurka. Slurm ta fito daga cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a farkon shekarun 2000, kyauta ce, kuma da yawa daga cikin manyan kwamfutocin duniya da ita suke aiki. LSF ta kuɗi ce, tana hannun IBM tun 2012. HTCondor kuwa Jami'ar Wisconsin ce ta fara ta a 1988, gwaninta shi ne tattara kwamfutocin da ke zaune ba aiki ta raba musu ƙananan ayyukan da ba su dogara da juna ba. Sai Grid Engine, wadda labarinta ya kamata mai zaɓe ya sani: kamfanin Sun ya sake ta kyauta a 2001, amma bayan Oracle ya sayi Sun a 2010 aka daina sakin ta haka, masu amfani da ita suka rarrabu.

Ga inda na sha wuya. Na rubuta umarnin aikina don Slurm, komai ya tafi daidai. Ana saura mako uku in miƙa kundi, aka rufe gungun don gyara, aka mayar da mu wani mai amfani da PBS. Na canza kalmar tura aiki daga sbatch zuwa qsub, ina zaton shi ke nan. Aikin ya mutu nan take. Ashe Slurm tana fara aiki ne a jakar da ka tura shi, PBS kuwa a jakarka ta asali take farawa, don haka ba ta ga fayilolina ba. Na gyara wannan, sai kuma aka yanke aikin a tsakiya. Layukan da na nemi lokaci da su suna farawa da #SBATCH, PBS ba ta karanta su, sai ta ba ni ɗan lokacin da ake ba wanda bai nemi komai ba. Kwana huɗu suka tafi a haka. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Gaskiyar magana, ɗalibi ba kasafai yake zaɓen manhajar ba, abin da ya tarar shi zai bi. Abin da ke hannunsa shi ne ya raba aikinsa gida biyu: fayil ɗaya na ainihin lissafin, wanda bai ambaci sunan kowace manhaja ba, da wani ɗan gajere mai neman lokaci da kwamfutoci. In an sauya wuri, gajeren kawai za a sake. Akwai kuma Snakemake da Nextflow, waɗanda za ka bayyana musu matakan aikinka sau ɗaya, su kuma su yi magana da manhajar da ke wurin.

Idan kuma sashenku ne zai kafa nasa gungun, a ganina Slurm ta fi, domin duk inda ɗalibi ya je gaba zai fi yiwuwa ita zai tarar, ga masu taimako da yawa. Amma in abin da kuke da shi kwamfutocin ɗakin koyarwa ne da ke kwana ba aiki, HTCondor ta fi dacewa. Ko wacce aka ɗauka, a nan ƙasar sai a tambaya tun farko ko tana mayar da aiki layi idan wuta ta ɗauke. Nawa aikin yanzu yana adana inda ya tsaya duk bayan minti 30.