Barcin minti goma da ya hana likitoci barci

Wanda gyambon ciki ya taɓa kai shi asibiti har aka ce sai an zura masa bututun hoto ta baki, ya san tambayar da ke fara zo masa: "Likita, za a sa ni barci kuwa?" Tambaya ce 'yar ƙarama, amma masu bincike sun shafe shekara arba'in suna kai-kawo a kanta.

Aikin kansa, wato endoskofi, ba ya cin lokaci. Leƙa tumbi kan ƙare cikin minti goma, na babban hanji ta dubura ya ɗan fi haka. Sai dai maƙogwaro ba ya son baƙo, hanji kuma in aka hura masa iska sai ya murɗa. Tun daga shekarun 1980 aka dogara da allurar midazolam, a haɗa ta da maganin kashe zafi. Mara lafiya yana gyangyaɗi, in an kira shi ya amsa, bayan an gama ya mance komai. Aibinta ɗaya: mutum kan yini da nauyin kai.

Sai furofofol ya shigo. Wani likitan dabbobi ne, John Glen, ya gano amfaninsa a kamfanin ICI na Birtaniya, aka fara sayar da shi a 1986. Fari ne fat kamar madara. Ba a cika minti ɗaya mutum ya yi nisa, in an daina turawa kuma ya farka garau. Likitoci suka so shi, marasa lafiya suka fi su so. Amma tsakanin barcin da ake nema da tsayawar numfashi taku kaɗan ne, kuma ba shi da makari. In ya yi yawa, sai dai a riƙe wa mutum numfashi har maganin ya sake shi. Shi ne ya yi ajalin mawaƙi Michael Jackson a 2009, da aka ba shi a ɗakin kwanansa ba a asibiti ba.

Daga nan gardama ta koma kan hannun da zai riƙe sirinji. Likitocin sa barci suka ce aikinsu ne. Likitocin ciki suka ce nas mai horo ta isa. A 2009 Douglas Rex na Jami'ar Indiana da abokan aikinsa suka tattara bayanan ayyuka 646,080 da aka yi da furofofol ba tare da likitan sa barci ba, aka samu mutuwar mutum huɗu, dukansu masu fama da wata larura mai tsanani tun da fari. A Jamus da Suwizalan nas na bayarwa ƙarƙashin kulawar likitan ciki, a Faransa kuwa likitan sa barci ne ke yi. Kowane ɓangare da tsaron mara lafiya yake rantsuwa, amma ni ban yarda babu batun aljihu a ciki ba. Kamfanin Johnson & Johnson ma ya ƙera na'urar Sedasys mai tura maganin da kanta tana auna numfashi. Amurka ta amince da ita a 2013, a 2016 aka janye ta saboda rashin kasuwa.

Yanzu bincike ya karkata ga maganin da zai yi saurin furofofol amma yana da makari. Shi ne remimazolam, ɗan gidan su midazolam, wanda jiki ke wargaza shi nan da nan, kuma allurar fulumazenil na tashin mutum daga barcinsa. Japan da Amurka da Sin sun amince da shi a 2020, Tarayyar Turai a 2021. Gwaje-gwaje sun nuna bai kai furofofol saukar da matsin jini da danne numfashi ba, abin da ya dace da tsofaffi. Tsadarsa ce cikas. Sin kuma ta fito da wani maganin nata, sifurofol, wanda bai kai furofofol raɗaɗi a jijiya ba.

Wasu masanan sun bar magani sun koma kan sa ido: na'urar da ke auna iskar da mutum ke fitarwa tana tona tsayawar numfashi tun kafin oksijin ya faɗi a jini. Wasu kuma na neman hanyar da ba a buƙatar barcin sam. A Japan ana bi ta hanci da bututu siriri, mutum idonsa biyu yana magana da likita.

Wannan na ƙarshen ya fi kusa da halin da muke ciki. A asibitocin Najeriya da Nijar likitocin sa barci ba su da yawa, shi ya sa sau tari feshin kashe maƙogwaro ake yi, ko a ƙara da 'yar allurar gyangyaɗi. Ba koma-baya ba ne in an yi shi da kyau. Abin tsoro shi ne a sa mutum barci mai nauyi babu wanda aka ware don kallon ƙirjinsa. In an ba ka ranar wannan gwaji, ka bi umarnin ƙin cin abinci, ka zo da ɗan rakiya, kada ka tuƙa mota ko babur ranar. Kafin ka kwanta kuma ka tambaya: wa zai lura da numfashina?