Kaboyin da Ba Shi da Suna: Mutum Ɗaya Ne ko Uku?

Duk wanda ya shiga silima zamanin da fina-finan kaboyi ke tashe ya san wannan dogon Bature: malafa a ka, guntun sigari a gefen baki, bargo mai huda a tsaka rataye a kafaɗa, magana kuwa sai ta kama dole. Clint Eastwood ke nan, a fina-finai uku da Sergio Leone, darakta ɗan Italiya, ya shirya a jere: A Fistful of Dollars a 1964, For a Few Dollars More a 1965, sai The Good, the Bad and the Ugly a 1966. Kusan shekara sittin ke nan, amma masoyansu ba su gama musu a kan tambaya guda ba: mutum ɗaya ne a duka ukun, ko kuwa mutum uku ne masu kama ɗaya?

Tun daga suna rigimar ta faro. Duniya ta san shi da Mutumin da Ba Shi da Suna, alhali a kowane fim akwai abin da ake kiran sa da shi. A na farko wani tsoho mai ƙera akwatin gawa yana ce masa Joe, a na biyu Manco, a na uku kuma abokin tafiyarsa Tuco ya laƙaba masa Blondie saboda launin gashinsa. Kamfanin United Artists ne ya ƙirƙiro waccan inkiya don talla, lokacin da ya kai fina-finan kasuwar Amurka a 1967.

Masu cewa mutum ɗaya ne, bargon nan ne babbar hujjarsu. A fim na uku Blondie ba ya sanye da shi sai dab da ƙarshe. Ya tarar da wani matashin soja yana gargara a kangon coci, ya tuɓe kwat ɗinsa ya lulluɓe shi, ya sa masa sigari a baki ya zuƙa. Da yaron ya cika, sai ya bar masa kwat ɗin, ya ɗauki bargon da ke gefensa. Suka ce ai magana ta ƙare: fim ɗin da ya fito a ƙarshe shi ne mafarin labari. Tarihi ma ya ɗan mara musu baya, domin labarinsa ya faru ne a 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka.

Ɗaya ɓangaren kuwa sai su tambaya: ina zinariyar? A ƙarshen fim na uku Blondie ya bar maƙabartar Sad Hill da rabin zinariyar dala 200,000 da aka tono a can. Yaya aka yi mai dala 100,000 ya shigo garin San Miguel a fim na farko a kan alfadari, yana sayar da bindigarsa ga duk gidan da ya fi biya? Wasu su ce caca ta cinye, wasu su ce sadaka ya yi da ita. Babu fim ɗin da ya faɗi ko ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne fuskokin da ke dawowa. Lee Van Cleef shi ne bos a fim na uku, Angel Eyes, wanda Blondie ya harbe ya faɗa cikin kabari. A fim na biyu, wanda a lissafin masu bargo ya zo daga baya, ga shi nan da ransa a matsayin Kanar Mortimer, dattijon kirki mai neman fansar 'yar uwarsa, kuma Manco bai ko razana da ganin sa ba. Gian Maria Volonté ya mutu a fim na farko yana Ramón, ya sake mutuwa a na biyu yana El Indio. Mario Brega ma ya fi su, don sau uku aka kashe shi da suna uku.

Masu bin ƙwaƙƙwafi sun ƙara da cewa hujjar tarihin ma ba abin dogaro ba ce: nakiyar da aka tarwatsa gada da ita a fim na uku, sai 1867 Alfred Nobel ya yi mata rajista, bayan an gama yaƙin da shekara biyu.

In za a bi gaskiya, hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi. Leone bai zauna ya tsara tarihin rayuwar mutum guda ba. Fim na farko ma aro ne daga Yojimbo na Akira Kurosawa, ɗan Japan, wanda ya fito a 1961. Mai karatu Bahaushe zai fi saurin gane abin: Gizo yakan halaka a wannan tatsuniya, gobe da dare ya dawo da sabuwar dabara, ba wanda ke tambayar yadda ya tashi. Haka kaboyin Leone yake, hali ɗaya a labari uku. Amma ba a raina masu bargo ba, domin da gangan Leone ya sa fitowar sojan da bargon, kuma ita ce mafi taɓa zuciya a fim na uku.

Son da ke rura wannan musu bai tsaya a baki ba. Maƙabartar Sad Hill, wadda sojojin Sifaniya suka gina domin fim na uku a lardin Burgos, ta yi shekaru a binne cikin ciyawa da ƙasa. A 2015 masoya suka fito da shebur da fartanya suka fara tone ta, suka sake kafa alamun kaburburan, kuma a 2016 aka yi bikin cikar fim ɗin shekara 50 a wurin.