Nas Ɗin da Aka Daka wa Tsawa

Wata Laraba bayan an gama yankan gero na je duba ɗan wata 'yar ikilisiyarmu a wani asibiti nan arewacin Kano. Ina tsaye bakin gado sai nas ɗin ɗakin ta rage murya ta ce wa likita, "Ranka ya daɗe, kamar maganin nan ya yi wa yaron yawa." Likita ya daka mata tsawa a gaban masu jinya, ya ce, "Ke ce likitan ko ni?" Ta sunkuyar da kai. Ni ma na riƙe Littafina na yi tsit, abin da har yau yake ci mini rai.

Jama'a, wannan magana ta wuce ɓacin zuciyar mace ɗaya. A ƙasar Bichi, Dambatta, Tsanyawa da Kunchi ƙauye na jikin ƙauye, marasa lafiya sun yi wa likitoci yawa. Likita zagaye yake yi ya wuce. Nas ce ke kwana da mara lafiya, ita ce ta fara ganin numfashi ya sauya ko jijjiga ta taso. In an kunyata ta yau, gobe za ta gani ta haɗiye, kuma ɗan manomin da aka kawo a kan babur shi ne zai biya.

Ba mu kaɗai ba ne. A Ingila a 2005 wata mata mai suna Elaine Bromiley ta rasu bayan numfashinta ya toshe a ɗakin tiyata. Nas-nas sun kawo kayan huda maƙogwaro, likitoci ba su kula su ba, su kuma suka kasa matsawa. A 2008 hukumar tantance asibitocin Amurka ta yi gargaɗi cewa tsawa da tsoratarwa a wurin aiki suna jawo kuskuren magani.

A nan gida kuwa, a 2024 magatakardan majalisar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, Faruk Abubakar, ya ce nas 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Albashi ne babban dalili, amma wulakanci ba ya tsayar da mai shirin tafiya.

Ba na cewa likitoci duka haka suke. Luka da ya rubuta mana Bishara ai likita ne, kuma wanda ya wuni shi kaɗai kan layin mutane dole ya gaji. Gajiya dai ba ta halatta zagi.

Tsofaffin sistoci suna koya wa ƙanana kada su rama a gaban mara lafiya, amma su rubuta abin da suka gani da lokacinsa a katinsa, su kai wa metiron, in ya ci tura su kai ƙungiyarsu.

Haka waccan nas ta yi. Ina fita na gan ta a teburinta tana rubutu, hannunta na rawa. Na ce, "Sannu, Sista." Ta ce, "Yawwa Malam," ba ta ɗago ba.